Daren Ankara na 1971: Abin da Fim Ya Riƙe da Abin da Ya Bari

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In ana so a gwada wannan magana, sai a zauna kusa da dattawan ƙasar Gana waɗanda suka yi samartakarsu tsakanin 1960 da 1975, a ɗauko musu zancen kiɗa. Nan da nan hira za ta koma ga gidajen rawa na dā, da makaɗa masu tufafi iri ɗaya, da busa da jita da ganguna waɗanda mutum yake gani da idonsa ana bugawa. In hirar ta yi nisa, da wuya a tashi ba a ambaci wani dare guda ba, wato daren 6 ga Maris 1971, sa'ad da mawaƙan Amurka suka zo Ankara, babban birnin Gana, suka kwana suna wasa a filin Black Star da ke bakin teku. An ɗauki wasan nan a fim mai suna Soul to Soul, wanda Denis Sanders ya shirya, ya kuwa fito a cikin wannan shekara. Tun da yake fim ɗin yana nan, ana iya ajiye shi kusa da hirar dattawa, a duba inda suka yi daidai, da inda kowannensu ya yi shiru.

Yadda daren ya kasance

A ranar nan Gana ta cika shekara 14 da samun mulkin kai daga hannun Ingila. Kofi Busia ne firayim minista. Baƙin da suka sauka daga jirgin sama ba ƙananan mutane ba ne a sana'arsu. Akwai Wilson Pickett, wanda samarin Ankara suka riga suka haddace faya-fayansa. Akwai Ike Turner da matarsa Tina, da Roberta Flack, da iyalin Staples, wato uba da 'ya'yansa mata. Akwai Les McCann mai piyano da Eddie Harris mai busa, da ƙungiyar yara da matasa da ake kira Voices of East Harlem. Akwai kuma Carlos Santana mai jita, haifaffen Meziko, wanda sunansa ya tashi tun wasan Woodstock na 1969. An ƙiyasta cewa mutanen da suka taru sun kai wajen 100,000, an kuma yi kusan awa 14 ana wasa, har gari ya waye.

Ga yawancin baƙin, wannan ce zuwansu Afirka ta fari. Jikokin bayi ne, sun zo bakin gaɓar da aka kwashi kakannin mutanensu da yawa. Wannan shi ne zaren da mai shirya fim ya kama, ya bi shi tun daga cikin jirgi, da taryar da aka yi musu a filin jirgi da ganguna da rawa, da yawonsu cikin gari, har zuwa ziyarar ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da Turawa suke tsare bayi kafin a loda su.

Inda fim ɗin ya yi kyau

Babban abin yabo ga Sanders shi ne bai bar kyamara ta liƙe a kan dandamali ba. Yakan juya ta wajen taro, ya daɗe a kan fuskoki. A nan ne fim ɗin ya fi hirar dattawa gaskiya. Mai ba da labari bayan shekara hamsin yakan ce kowa ya yi rawa tun daga farko har ƙarshe. Fim bai nuna haka ba. An ga mutane a tsaye shiru, sun zuba ido, suna auna abin da aka kawo musu kamar yadda ake auna kaya a kasuwa. Waɗansu waƙoƙin ba su san su ba. Waɗansu kuma salonsu ya yi musu nauyi. Ashe mutanen Ankara ba su ba da tafinsu kyauta ba, sai da mawaƙi ya yi gumi ya same shi.

Wanda ya same shi sosai Wilson Pickett ne. Muryarsa mai kaushi ce, tana tsagewa kamar ta mai wa'azin da ya kai tsakiyar saƙonsa. Yakan jefa kira, taro ya amsa, ya sāke jefawa, amshi ya ƙaru, har samari suka riƙa hawa dandamali suna rawa tare da shi. Wanda ya girma da kiɗan kalangu ko na goge ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Jagora da 'yan amshi tsohon gini ne a Afirka ta Yamma, ya haye teku, ya zauna a gonakin auduga da majami'un baƙar fata, sa'an nan ya komo da tufafi masu ƙyalli. Pickett kansa a ƙungiyar waƙoƙin bishara ya fara. Iyalin Staples sun yi shekaru suna waƙa a majami'u kafin su shiga kasuwar faifai. Roberta Flack da Tina Turner su ma a gidan sujada suka fara buɗe baki suna yara. Saboda haka mai kallo wanda ya saba da ƙungiyar mawaƙa ta ranar Lahadi zai ji abin da ya sani a ƙarƙashin wannan kiɗa, ko da kalmomin sun koma zancen soyayya da rawa.

Iyalin Staples ba su da tsalle-tsalle. Uban yana riƙe da jitarsa mai rawar murya, Mavis kuwa tana tono sauti daga can cikin ƙirji. Waƙarsu guda tana tambaya yaushe za a biya baƙar fata ladan aikin da suka yi wa Amurka. A wani wuri dabam, waƙar ƙorafi ce kawai. A gaban tekun nan, nauyinta ya ninka, fim ɗin kuwa ya yi hankali da bai cika ta da surutu ba.

Wuri mafi daɗi a fim ɗin ɗan gajere ne. Wani mutumin arewacin Gana, Amoa Azangeo, ya hau tare da McCann da Harris, yana riƙe da babban caki na duma. Yana kaɗa shi, yana wurga shi daga hannu zuwa hannu, yana waƙa da harshensa, makaɗan Amurka kuma suna sauraro, suna neman inda za su sa ƙafa. A cikin 'yan mintocin nan ne sunan fim ɗin ya cika, gama an ga baƙo yana koyo a wurin ɗan gida.

Inda fim ɗin ya gaza

Abin takaici shi ne irin waɗannan mintoci ba su da yawa. An yi fim ɗin domin masu kallo na Amurka, da idon baƙi aka dubi Gana. Makaɗan ƙasar sun hau dandamali a daren nan, cikinsu har da Guy Warren, wanda daga baya ya ɗauki sunan Kofi Ghanaba, mai ganga wanda ya zauna a Amurka, ya yi faifai a can tun wajen 1956. Amma rabon da fim ya ba 'yan gida kaɗan ne, yawancinsa kuma ganguna ne na gargajiya da rawa da kasuwa. Mai kallo zai iya gama fim ɗin yana tsammani Amurka ce ta kawo jita da busa, Gana kuwa ganga kaɗai take da ita.

Wannan ba daidai ba ne. Ankara tana da kiɗanta na zamani, wato hailaif, tun kafin a haifi yawancin baƙin nan. E.T. Mensah, wanda aka haifa a 1919, ya kai ƙungiyarsa ta Tempos yawon wasa Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma a shekarun 1950, har aka yi masa laƙabi da sarkin hailaif. Sa'ad da Louis Armstrong ya ziyarci Ankara a 1956, ya busa tare da Mensah. A cikin 1971 ɗin nan kuma, ƙungiyar Osibisa, wadda 'yan Gana uku, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio, suka kafa a Landan tare da abokansu, ta fitar da faifanta na farko, Turai ta kuwa karɓe shi. Garin da baƙin suka sauka gari ne na gwanaye. Fim ɗin ya mai da gwanayen nan masu taryar baƙi.

Akwai wani shiru da ya fi wannan nauyi, wanda mutanen zango ba za su kasa lura da shi ba. A watan Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka tattara abin da za su iya ɗauka, suka sayar da saura da araha, suka cika manyan motoci suka nufi Togo da Nijeriya da Nijar da Haute-Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso. Akwai Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, waɗansunsu a Gana aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Wata goma sha shida bayan haka, a ƙarƙashin wannan gwamnati, aka shimfiɗa tabarma domin 'yan'uwa daga ƙetaren teku, ana ta zancen komowa gida da zumuncin baƙar fata. Ba laifin mawaƙan ba ne, mai yiwuwa ma ba su ji labarin ba. Amma fim wanda dukan jigonsa zumunci ne, bai kuwa ga shagunan da aka rufe a zangon Kumasi da na Ankara ba, ya bar rabin labari a waje. Maraba da na nesa ta fi sauƙi, gama zai kwana kaɗan ya tafi. Maƙwabci shi ne gwajin zumunci.

Mai kallo na yau ya kuma san waɗansu abubuwan da masu kallo na 1971 ba su sani ba. Tina Turner tana cikin waɗanda suka fi haskakawa a daren nan, tana rawa kamar wuta ta kama ciyawa, mijinta yana tsaye a baya da jitarsa, fuska a murtuke. A 1976 ta gudu daga wurinsa, daga baya ta bayyana wa duniya irin dūkan da ta sha a hannunsa shekara da shekaru. Kyamara ta ɗauki murmushin, ba ta ɗauki abin da yake bayansa ba. Ko fim ɗin ma bai iso ga mutanen yau cikakke ba, domin da aka sāke fitar da shi a faifan DVD a 2004, an cire wasan Roberta Flack bisa ga roƙonta.

Inda hirar dattawa ta gaza

In fim ya yi zaɓe, tunanin mutum ma yakan yi. Dattijo yakan tuna zamanin gidajen rawa kamar zamani ne da kowa yake ciki. Sunan kiɗan kansa yana ƙaryata wannan. Hailaif kalma ce ta Turanci mai nufin zaman manya. Yadda tsofaffin makaɗa suka ba da labari, waɗanda suka raɗa sunan a shekarun 1920 su ne talakawan da suke taruwa a waje suna leƙe, domin ba su da kuɗin shiga, ba su kuma da kwat da ake bukata. Ko a shekarun baya da ƙofa ta ƙara buɗewa, 'yan dako da masu gadi da 'yan tebur da yawa ta kan katanga ko ta rediyo suka ji kiɗan. Gidajen rawa kuma wuraren sayar da giya ne, albashi da yawa ya narke a can kafin ya kai gida. Matan da suka jira a gida suna da tasu hirar game da zamanin nan, ba ta kuwa yi kama da ta mazansu ba.

Kuskure na biyu ya fi girma. Sau da yawa akan ɗora wa yaran zamani laifin mutuwar manyan ƙungiyoyin kiɗa, a ce ba su da kunne, sun fi son na'ura. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A watan Janairu 1972, wata goma bayan wasan, soja suka hamɓarar da Busia. Cikin shekarun da suka biyo baya tattalin arzikin Gana ya durƙushe, kayan masarufi suka yi wuya, balle tsirkiyar jita da kayan buga faifai. A ranar 31 ga Disamba 1981 Jerry Rawlings ya karɓi mulki karo na biyu, aka kafa dokar hana yawon dare wadda ta ɗore daga 1982 har zuwa 1984. Makaɗin da abincinsa yake fitowa daga dare, in an rufe dare fiye da shekara biyu, me zai ci? A 1983 aka yi fari da gobarar daji, Nijeriya kuma ta kori 'yan Gana wajen miliyan guda, wato ƙaiƙayin 1969 ya koma kan masheƙiya. Bayan haka aka lissafta kayan kiɗa cikin kayan alatu, aka ɗora musu kuɗin fito mai nauyi.

Makaɗa da yawa suka bar ƙasar. Waɗanda suka sauka a Jamus, irin su George Darko, suka haɗa hailaif da na'urorin can, aka sami sabon salo wanda aka laƙaba wa suna daga birnin Hambog. A gida kuwa, da aka ɗage dokar dare, mai gidan rawa ya yi lissafi. Mutum guda da lasifika da akwatin kaset ya fi araha bisa makaɗa goma sha biyu masu iyali. Yaran da suka taso a lokacin ba su ƙi kiɗan hannu ba. Sun taso ne sun tarar an riga an kwashe shi.

Inda kiɗan ya fake

Ba dukansa ne ya tafi ba. John Collins, makaɗi kuma masani wanda ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon, ya yi rubutu da yawa a kan inda makaɗan nan suka nufa. Wuri guda da ya rage mai kayan kiɗa, mai taron jama'a kowane mako, wanda kuma haraji bai danne shi kamar gidajen rawa ba, shi ne majami'a. Masu jita da masu ganga da masu busa suka shiga can da sana'arsu, waɗansu domin bangaskiya, waɗansu domin abinci, waɗansu kuma suka zo domin abinci suka zauna domin bangaskiya. Daga nan hailaif na bishara ya bunƙasa. Ya kuma buɗe wa mata ƙofar da gidajen rawa ba su buɗe musu sosai ba, gama iyayen da ba za su yarda 'yarsu ta yi waƙa a gidan giya ba sun yarda ta yi a gidan sujada. 'Yan tagwayen nan da ake kira Tagoe Sisters, da ƙungiyar Daughters of Glorious Jesus, ta wannan ƙofa suka fito.

Abin ya yi kama da zobe. Kiɗan da Pickett da Staples suka kawo Ankara daga majami'a ya fito zuwa dandalin duniya. Kiɗan da Ankara take da shi kuwa, da wahala ta zo, daga dandalin duniya ya koma majami'a. Dattijon da yake makoki cewa kiɗan hannu ya mutu, wataƙila jikansa ne yake buga ganga ranar Lahadi da salon da aka gāda daga Tempos, shi kuwa bai gane ba domin an sāke kalmomin.

Abin da ake kewa

Da yawa daga cikin waɗanda suka hau dandamalin nan sun riga mu gidan gaskiya. Eddie Harris ya rasu a 1996, shekarar da E.T. Mensah ma ya rasu. Pickett ya bi a 2006, Ghanaba a 2008, Tina Turner da Les McCann a 2023, Roberta Flack a 2025. Waƙoƙinsu ba su ɓace ba. Yaro mai wayar hannu zai iya samo su cikin minti guda, sautinsu ma ya fi wanda mutumin da ya tsaya a ƙarshen fili ya ji a 1971. Duk da haka in an kunna wa dattijo, yakan saurara kaɗan, ya girgiza kai, ya ce ba haka yake ba.

Yana da gaskiya, fim ɗin ma ya goyi bayansa a nan. Abin da aka gani a fuskokin nan shi ne makaɗi da mai sauraro a wuri guda, kowa yana iya sāke abin da ɗayan yake yi. Taro ya yi sanyi, mawaƙi ya ƙara wuta. Mai caki ya kauce, mai piyano ya bi shi. Faifai yakan maimaita abin da aka riga aka yi, ba ya jin amshi, ba ya jiran tsohuwar da ta makara da shiga baiti. Saboda wannan ne fim ɗin ya cancanci a kalle shi duk da gazawarsa, a kuma kalle shi tare da yara, dattijo yana kusa domin ya cika abin da kyamara ta tsallake, yaro kuma yana kusa domin ya yi tambayar da dattijo bai so a yi ba.

Darasi guda ya rage ga masu kula da waƙa a ikilisiyoyi. Lissafin da mai gidan rawa ya yi bayan 1984 yana da sauƙin yi a ko'ina. Molon lantarki guda mai bugun ganga a cikinsa ya fi araha, ya kuma fi sauƙin sarrafawa, bisa samari biyar waɗanda sai an koya musu, an jure makararsu da kuskurensu. Amma tukwane da caki da gangunan zumuntar mata, da yaron da yake koyon jita a bayan majami'a da yamma, su ne irin abin da dattawan Ankara suke kewa. Su an ƙwace musu nasu da dokar dare da haraji da yunwa. Abin kunya ne a ce waɗansu sun ajiye nasu da hannunsu, sa'an nan bayan shekara hamsin su zauna suna tuna bara.